Dima da ƙwan LED: a duba makunni kafin a zargi ɗan kasuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi bayani a kan wata ƙaramar na'ura da ta fara yawaita a sababbin gidajenmu, wadda take haddasa saɓani tsakanin masu gida da masu wayarin da 'yan kasuwa ba tare da an gano inda gizo ke saƙa ba. Na'urar ita ce makunnin nan da ake murɗawa domin a rage hasken fitila ko a ƙara shi, wanda masu sana'ar ke kira dima. Na shafe shekaru ina koyar da aikin lantarki kafin in yi ritaya, kuma har yau 'yan uwa da maƙwabta sukan aiko a kira ni idan wuta ta yi musu gardama, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Kwanakin baya wani aminina ya tare a sabon gidansa a nan Kano. An yi wa falon silin na POP irin na yayi, an rataya fitila mai rassa shida a tsakiya, shi kuma ya sa mai wayarin ya ɗaura masa dimar da ya ciro daga tsohon gidansa, domin ya saba da ita shekara da shekaru: idan an yi baƙi ya ƙure haske, idan ya zauna shi kaɗai bayan sallar isha'i ya sassauta. Tun daren farko abin ya ƙi. Da an taɓa makunnin sai ƙwayayen su riƙa ƙiftawa kamar idon mai gyangyaɗi, makunnin kansa kuma yana wani siririn kuka irin na gyare. Abin da ya fi tayar wa iyalinsa hankali shi ne, bayan an kashe wutar, sai ƙwayayen su ci gaba da wani dushi-dushin haske a cikin duhu, har yara suka daina yarda su ratsa falon da dare. Sau biyu yana komawa kasuwar Sabon Gari yana mayar da ƙwayaye, a zuwa na biyu kuwa sai da ya kira mai shagon mai sayar da jabu a gaban jama'a, alhali bawan Allahn nan ya gwada masa kowane ƙwai a allon gwajinsa, kuma duk sun kama garau.

Da ya gaji ya kira ni. Na kashe wutar gidan, na kwance sukurori biyu, na zaro dimar daga bango na juya bayanta, sai ga rubutu ƙarami da ƙura ta rufe: daga wat 60 zuwa wat 400. Ƙwayayen da ke jikin fitilar guda shida ne, kowanne wat 5, wato jimillarsu wat 30, rabin mafi ƙarancin nauyin da dimar ke buƙata kafin ta yi aiki daidai. Na ce a lalubo mini tsohon ƙwai mai zare, aka samo ɗaya mai wat 60 a cikin tarkacen ƙaura, na cire ƙwai ɗaya na ɗaura shi a gurbinsa. Nan take ƙiftawar ta lafa, dushi-dushin nan ma ya ɓace. Amma da na fara murɗa makunnin a hankali, tsohon ƙwan ne kaɗai yake raguwa, sauran biyar ɗin suna nan da haskensu kamar ba da su ake ba, har aka kai wani wuri suka mutu gaba ɗaya a lokaci guda. Da muka ɗauko kwalinsu kuwa, sai ga hoton dima an ja masa giciye a gefe, alamar cewa tun daga masana'anta ba a yi su domin a rage musu haske ba. Ashe duk tsawon makonnin nan an bar jaki ana dukan taiki.

Domin a fahimci dalilin wannan rashin jituwa, sai an san yadda dima ke aiki, kuma ba abu ne mai wuyar ganewa ba. Wutar da ke shigowa gidajenmu, mai ƙarfin bolt 230, ba gefe guda take gudana kamar ruwan famfo ba. Kai da komowa take yi sau 50 a kowace daƙiƙa, wanda ke nufin tana faɗuwa zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa guda. Dima ba ta rage ƙarfin wutar kamar yadda mutane ke zato. Abin da take yi shi ne, duk lokacin da wutar ta taso daga sifili sai ta tare ta na ɗan wani lokaci sannan ta sake ta, kuma gwargwadon yadda ka murɗa, gwargwadon tsawon tarewar. Wato dai kunnawa da kashewa take yi sau 100 a daƙiƙa. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Joel Spira ne ya ƙirƙiro irin wannan dima ta gida a 1959, ya kuma kafa kamfanin Lutron a 1961, a zamanin da ƙwai mai zare ne ke haska ɗakunan mutane. Shi kuwa ƙwai mai zare ba ruwansa da wannan yanke-yanke, domin siririyar waya ce kawai ake gasawa har ta yi ja ta ba da haske, kuma kafin ta huce wata wutar ta sake zuwa, don haka ido ba ya ganin komai sai haske mai laushi.

Ƙwan LED wata halitta ce daban. A gindinsa, cikin farin robar nan, akwai 'yar na'ura da masu sana'ar ke kira direba, wasu kuma su ce cok, wadda aikinta shi ne ta karɓi wutar gida ta mayar da ita ƙaramar wuta mai gudana gefe guda, daidai abin da 'yan ƙwayoyin hasken ke buƙata. Farin LED da muke amfani da shi ya samu ne bayan da masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano yadda ake yin shuɗin LED mai ƙarfi, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Tsakanin dimar Spira da wannan ƙwai akwai tazarar shekaru da yawa, kuma ba a yi ɗaya ana tunanin ɗaya ba. Ƙaramin ƙarfen da ke tare wuta a cikin tsohuwar dima yana buƙatar wani adadi na wuta ya riƙa ratsa shi kafin ya tsaya a buɗe, idan bai samu ba sai ya riƙa rufewa yana buɗewa barkatai, wannan ita ce ƙiftawa da kukan gyaren da aminina ya sha fama da su. Dushi-dushin kuwa ya fito ne daga 'yar jar fitilar da ke jikin makunnin, wadda ke nuna wurinsa a cikin duhu: ita ma ta cikin ƙwayayen take jan 'yar wutarta, wutar da ba ta isa ta ɗumama zaren tsohon ƙwai ba, amma ta ishi LED ya ɗan haska. A wasu gidajen ma ana ganin irin wannan haske ko babu dima, idan mai wayarin ya ɗora makunni a kan baƙar waya maimakon jar waya mai ɗauke da wuta, kuskuren da ya fi dushi-dushi haɗari, domin mai canza ƙwai zai ɗauka ya kashe wuta alhali tana nan a jikin mariƙin ƙwan.

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ya shafe mu fiye da mutanen Turai, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowa ya san halin wutarmu, yadda takan zo ba ƙarfi da yamma, fanka na juyawa da ƙyar, firji na nishi. Abin da ya sa muka rungumi LED hannu bibbiyu, bayan ƙarancin cin wuta, shi ne yadda yake haske tar ko da wutar ta yi rauni, a lokacin da tsohon ƙwai zai koma kamar garwashi, doguwar fitilar nan kuwa ta ƙi tashi sam. Idan ka duba kwalin da yawa daga cikin ƙwayayen da ke kasuwanninmu za ka ga an rubuta cewa suna aiki daga bolt 85 har zuwa 265. Direbansu an ƙera shi ne domin ya riƙe haske a wuri guda, ko wuta ta hau ko ta sauka. To, wannan halin da muke yabo shi ne ke sa ƙwan ya yi faɗa da dima: ita tana yanke wuta domin haske ya ragu, shi kuma yana ƙara zuƙa da ƙarfi a ɗan lokacin da aka sakar masa domin kada hasken ya ragu. A cikin wannan ja-in-ja direban ke yin zafi, dimar ma ta yi zafi, ƙwan da ya kamata ya yi shekaru sai ya mutu cikin watanni, mai gida kuma ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Ɗaya gefen ma da sauran rina a kaba. Ƙwan da aka ƙera domin dima dole ne ya riƙa bin wutar da aka ba shi, idan ta ragu ya ragu, kuma galibin irinsa an rubuta musu bolt 220 zuwa 240 ne kawai. Saboda haka a unguwar da wuta ke yawan rauni, mutum zai iya sayen ƙwai mai tsada da dima mai tsada, ya ga haskensa yana hawa yana sauka duk lokacin da maƙwabci ya kunna injin markaɗe ko na walda. Idan aka koma kan ƙaramin janareta, wanda bugawarsa ke sauyawa da an ƙara masa kaya, lissafin lokacin da dimar ke yi sai ya rikice. Inbata kuma iri biyu ce: akwai mai fitar da wuta sumul irin ta layin gwamnati, akwai mai araha wadda wutarta ke zuwa a gutsuttsure kamar matakalar bene. Dima ba ta jituwa da ta biyun, domin abin da aka riga aka yanka take ƙoƙarin sake yankawa. Tun da sola ta shiga gidaje da yawa a Arewa, wajibi ne duk mai son dima ya fara tambayar wanda ya haɗa masa sola wace irin inbata aka sa masa, tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Ga wanda wutarsa ke da dama-dama kuma ya ƙudura sai ya yi amfani da dima, shawarata ita ce ya sayi ƙwai da dima a matsayin abu guda, a rana ɗaya, kada ya haɗa sabo da tsoho. A kwalin ƙwan ya nemi kalmar Ingilishi "dimmable" a rubuce ɓaro-ɓaro. Idan babu ita, ya ɗauka ba na dima ba ne, kome mai shago zai ce masa. Dimar kuma ta zama wadda aka rubuta LED a jikinta. Tsohuwar dima gaban wutar take yankewa, sai wutar ta faɗo wa direba kwatsam kamar mari, sabuwar kuwa ƙarshenta take datsewa bayan ta bar ta ta hau a hankali, shi ya sa ba ta cika kuka ba, kuma nauyin wat kaɗan ya ishe ta. A kayan da aka yi domin kasuwar Turai akan ga haruffa a baya, R da L ga mai yankan gaba, R da C ga mai yankan baya. Da yawa daga cikin sababbin suna da ɗan sukurun saiti a ƙarƙashin murfi, wanda ake juyawa a tsayar da mafi ƙarancin haske daidai inda ƙwan bai fara ƙiftawa ba, amma na lura masu wayarin kaɗan ne suke taɓa shi, wasu ma ba su san amfaninsa ba. Haka nan kada a gauraya ƙwayayen kamfanoni daban-daban a kan dima ɗaya, domin kowane direba da inda yake fara raguwa da inda yake mutuwa.

Batun nauyi ma yana ruɗar mutane. LED yakan zuƙi wuta mai yawa a ƙiftawar farko ta kunna shi, ninkin-ba-ninkin abin da aka rubuta a jikinsa, don haka ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce a raba adadin da ke jikin dimar gida goma, sai dai idan masana'anta ta rubuta adadin LED daban. Dimar aminina mai wat 400, a wannan lissafi, ba za a ɗora mata LED da ya wuce wat 40 ba, alhali ita kuma ba ta aiki da ƙasa da wat 60. Ka ga ke nan babu adadin ƙwayayen LED da zai dace da ita, ko da duk na dima ne.

Abin da na fi jin tsoro shi ne wata dabara da na gani a gidaje fiye da ɗaya, inda mai wayarin ke ɗaura regiletar fanka a matsayin dima, ko ya ɗora fanka a kan dimar fitila, wai ai duk murɗawa ake yi. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Fankar da aka ɗora wa dimar fitila takan riƙa gurnani, injinta ya yi zafi, a watan Afrilu kuwa, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 kuma fanka ba ta hutawa dare da rana, wannan ba abin wasa ba ne. Haka kuma ƙwan nan mai caji, wanda ke ci gaba da haske idan an ɗauke wuta, da ƙwan da ake sarrafa shi da rimot ko da wayar hannu, da fitilun silin masu sauya launi idan an kashe an kunna, duk ba a ɗora su a kan dima, domin kowannensu cikakkiyar wuta yake buƙata. Igiyar hasken da ake zagaya silin da ita, mai aiki da bolt 12 ko 24, tana da nata makunnin rage haske da ake sawa tsakaninta da akwatin da ke ba ta wuta, kuma a ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mu, tun da raunin wutar layi bai cika shafar ta ba. Duk wanda zai buɗe makunni kuma ya tuna cewa gidajenmu na yanzu wuta ta hanya biyu ko uku take shigo musu, kashe ta mita kaɗai bai wadatar ba sai an kashe inbata, an tabbatar janareta ba ya jone, sannan a dafa testa a gani.

Wasu suna sayen dima da niyyar rage kuɗin wuta, musamman tun da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta ɗaga farashin rukunin Band A, wato waɗanda aka ware domin su fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024. Mu yi lissafi da farashin wancan lokacin. Ƙwai mai zare na wat 60 da ke ci awa shida kullum yana shan yunit 10.8 a wata, wato naira 2,430. LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da nasa, yunit 1.62 yake sha, kimanin naira 365. Babban sauƙin an riga an same shi tun ranar da aka canza ƙwai. Ko da dima ta rage rabin abin da ya saura, ribar ba ta kai naira 200 a wata kan kowane ƙwai ba, kuma za a daɗe kafin wannan ya biya kuɗin dima ta ƙwarai. Amfanin dima jin daɗin ido ne, kuma ko a nan ma akwai abin lura. Tsohon ƙwai idan an rage shi yakan koma ja-ja mai sanyaya rai kamar hasken fitilar ƙwai, shi kuwa farin LED da aka rubuta wa 6500K, wanda ya fi yawa a shagunanmu, idan an rage shi sai ɗaki ya yi wani toka-toka kamar sararin sama a lokacin hazo. Mai son hasken hutawa a ɗakin kwana ya nemi mai haske ja-ja, wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K.

Ina kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, da ta sa ido a kan abin da ake rubutawa a kwalayen ƙwayayen lantarki, ta yadda za a bayyana a fili ko ƙwai na dima ne ko ba na dima ba, da alamar da ko wanda bai iya Ingilishi ba zai gane. Hukumar NEMSA, wadda ke da alhakin duba ingancin wayarin da tantance masu yin sa, tare da kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin masu wayarin, ya kamata su shigar da wannan batu cikin horon da suke bayarwa, domin yawancin ƙwararrunmu sun koyi aiki ne a zamanin ƙwai mai zare, yaransu kuma a wurinsu suke koya. 'Yan kasuwa kuwa, da za su ƙara dima guda ɗaya a jikin allon gwajin nan da ke kowane shago, da mai saye ya ga halin ƙwan da idonsa tun kafin ya biya, su ma su huta da mayar da kaya da baƙar magana.

Shi dai aminina, bayan mun zauna mun yi lissafin kuɗin sabuwar dima da ƙwayaye shida na musamman, muka kuma tuna cewa rabin darensa a kan inbata yake yi, sai ya haƙura da dimar. Aka kira mai wayarin ya raba rassan fitilar gida biyu a kan makunni mai baki biyu, huɗu a ɗaya, biyu a ɗaya, aka sa wa biyun nan ƙwayaye masu ja-ja. Idan an yi baƙi ya kunna duka, bayan isha'i ya bar biyu. Na kuma matsa masa sai da ya koma Sabon Gari ya ba mai shagon nan haƙuri.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin koyar da aikin lantarki,
Kano.